Abin da Ke Biyo Bayan Buɗi: Nazarin Tarihi a Kan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Daga Zamfara Zuwa Sakkwato (1204–1232 H / 1789–1817 M)

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1168–1232 H / 1754–1817 M) tun daga buɗin da ya ba da labarin ya same shi yana da shekara 36, da wanda ya biyo baya yana da shekara 40, har zuwa wafatinsa. Tambayar da ta sa gaba ita ce: mene ne ya sauya a aikinsa da hujjarsa da mu'amalarsa da mutane bayan ya ɗanɗani kusancin Ubangijinsa? Abin da nazarin ya tsaya a kai shi ne, buɗin ya ƙara masa nauyi, ya kuma ƙarfafa zuciyarsa wajen ɗaukar nauyin, alhali kuwa a littattafan da ya kafa hukunci da su hujjarsa ta tsaya ne a kan nassi da maganganun malamai.

1. Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekarar da na karanta wa ɗalibai ɗan littafin Shehu da aka fi sani da Wird, wanda wasu ke kira Lamma Balagtu, sai ajin ya rabu biyu tun kafin mu kai ƙarshen shafin farko. Kashi ɗaya su ce ba zai yiwu marubucin Ihya'us Sunna ya rubuta wannan ba, lalle jingina masa aka yi. Ɗaya kashin kuma su ce ga hujja nan ta isa, wanda aka yi wa irin wannan buɗi ba a tambayarsa dalili, haka ma duk shehin da ya zo bayansa da irin labarinsa. Wannan rabuwa ba a ajinmu ta fara ba. Tun bayan da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya wallafa al-Aƙidatus Sahiha a 1972, aka kuma kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kowane ɓangare na muhawarar ɗariƙa da sunna a Arewa yake jan Shehu zuwa rumfarsa.

Ɓangarorin biyu sun haɗu a abu guda ba tare da sun lura ba: dukkansu sun tsaya ne a kan daren buɗin, babu mai tambayar abin da aka yi da gari ya waye. Abin da ya gudana tsakanin bawa da Ubangijinsa a ɓoye ba shi cikin abin da mai nazarin tarihi ke iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Amma shekara 28 da mutumin ya rayu bayan haka, da littattafan da ya rubuta, da matakan da ya ɗauka da waɗanda ya ƙi ɗauka, duk suna gabanmu. Ni ɗan ƙasar Tsafe ne, daga wajen 'Yankuzo, kuma wani yanki na wannan tarihi a ƙasarmu ta Zamfara ya auku, tsakanin Faru da 'Yandoto. Saboda haka daga nan zan ɗauko zancen.

2. Ma'aunin da magabata suka bari

Asalin wannan babi shi ne hadisin Jibrilu wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, inda aka fassara ihsani da bauta wa Allah bautar mai gani, idan kuma hakan bai samu ba, to bautar wanda ya sakankance ana ganinsa. Malamai sun kira matakin farko mushahada, na biyu kuma muraƙaba. Sai hadisin ƙudusi na waliyyi da Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ma'anarsa ita ce bawa yana kusantar Allah da farillai, sa'an nan da nafiloli, har Allah Ya so shi, Ya jiɓinci jinsa da ganinsa da hannunsa da ƙafarsa. A lura da jerin: farilla ce a gaba, kuma sakamakon yana bayyana ne a gaɓoɓin da ake aiki da su.

Hadisin Hanzala, wanda shi ma yana cikin Sahihu Muslim, ya ƙara wani abu. Hanzala ya tuhumci kansa da munafunci domin abin da yake ji a majalisin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, yana raguwa idan ya koma cikin iyali da sana'a. Amsar da ya samu ta nuna cewa wannan yanayi ba ya dawwama ga ɗan Adam, kuma gushewarsa ba munafunci ba ne. A kan wannan ne Imamul Ƙushairi (ya rasu 465 H / 1072 M) ya gina bambancin hali da maƙami a cikin Risalarsa: hali kyauta ce da ke sauka a zuciya ta wuce, maƙami kuwa matsayi ne da bawa ke samu da mujahada ya zauna a kai, kamar tuba da tsantseni da haƙuri. Ke nan abin tambaya game da kowane hali shi ne wane maƙami ya bari bayan ya wuce.

Tarihin Annabawa ma haka ya nuna. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga ganawar kwarin Ɗuwa aka aike shi wurin Fir'auna. Manzon Allah kuma bayan kogon Hira umarnin tashi da gargaɗi ya sauko masa a farkon Suratul Muddassir. Daga cikin malamai, Imamul Gazali ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 488 H / 1095 M, ya shafe kimanin shekara 11 a kaɗaice, sa'an nan ya koma koyarwa a Naisabur a 499 H / 1106 M. Ya bayyana a cikin al-Munƙiz cewa aikin da ya koma shi ne wanda ya bari, abin da ya sauya ita ce niyya: da yana yaɗa ilimin da ake neman girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ga ilimin da ake barin girma saboda shi.

3. Zamfara kafin buɗi

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir, ya tashi a Degel, ya fara wa'azi wajen 1188 H / 1774 M yana ɗan shekara 20. Ƙanensa Shehu Abdullahi ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙat cewa sun tafi Zamfara sun zauna kimanin shekara biyar suna kiran mutane zuwa ga addini, kuma ya siffanta ta da ƙasar da jahilci ya yi wa rinjaye a wancan zamani. Wannan zama ya faɗo ne tsakanin wajen 1786 da 1792, lokacin da Zamfara ke ƙarƙashin Gobir, tun bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa.

Abubuwa biyu daga waɗannan shekaru sun isa su nuna wane irin mutum ne buɗin ya tarar. Na farko, mata suna halartar wa'azinsa, har wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baituka yana sukar haka. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuwa ta fiƙihu ce tsantsa: barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi muni a kan abin da ake tsoro, don haka a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu. Na biyu, wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami don Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Kamar yadda Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya kawo a Rauɗul Jinan, Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Duk wannan ya gabaci buɗin. Mutumin da aka buɗa wa ya riga ya yi shekara 15 yana yawon wa'azi, ya karanci Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya zauna da Malam Jibrilu ɗan Umar, ya kuma mayar da zinariyar sarki a bainar jama'a. Jerin da hadisin waliyyi ya ambata shi ne ya tabbata a nan: aiki ya riga, kyauta ta biyo.

4. Abin da Shehu ya ce ya same shi

A cikin Wird Shehu ya ambaci aukuwa biyu. Ta farko yana da shekara 36, wato wajen 1204 H / 1789–90 M, wanda bisa lissafi ya faɗo cikin shekarun zamansa a Zamfara. Ya ce Allah Ya yaye masa shamaki daga gani da ji da shaƙa da ɗanɗano, Ya ɗauke nauyi daga hannuwansa da ƙafafunsa da jikinsa, har nesa ta zame masa kamar kusa. Ya kuma ce ya samu an rubuta a haƙarƙarinsa na biyar ta gefen dama hamdala sau goma, salatin Annabi sau goma, istigfari sau goma. Mai karatu zai ga cewa gaɓoɓin da ya lissafa kusan su ne waɗanda hadisin Buhari ya ambata.

Ta biyu kuwa yana da shekara 40 da wata biyar da 'yan kwanaki, wato 1208 H / 1794 M, bayan ya koma Degel. Ya ce an jawo shi zuwa wata halara inda ya tarar da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, tare da Annabawa da sahabbai da waliyyai, Shehu Abdulƙadir Jilani ya sanya masa koriyar riga da rawani, aka umarce shi da alheri aka hane shi mummuna, aka rataya masa takobin gaskiya domin ya zare shi a kan maƙiyan Allah, aka kuma yi masa izinin bayar da wuridin nan ga mutane.

Abin lura a nan shi ne abin da ya fito da shi daga halarar domin jama'a. Bai zo da wata salla sabuwa ba, bai sauke wa kowa wata farilla ba, bai halatta wani abu da yake haramun ba. Abin da ya miƙa musu godiya ce da salati da neman gafara, waɗanda kowane Musulmi ya riga ya san su daga Alƙur'ani da Sunna. Shi kuwa abin da ya samu a kansa umarni ne da aiki mai haɗari.

5. Abin da ya biyo baya

5.1 Ma'auni a kan kashafi

Tsakanin aukuwar farko da ta biyu ne, wajen 1793, Shehu ya kammala Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a. Littafin yana da babi 33, a kowane babi yana kawo yadda sunna take, sa'an nan ya lissafa bidi'o'in da mutane suka ƙaga, yana yawan dogara ga al-Madkhal na Ibnul Hajj da maganganun Shaikh Ahmad Zarruƙ. Babin ƙarshe a kan ihsani ne, wato tasawwufi. A cikinsa ya lissafa musun karamomin waliyyai a cikin bidi'o'in da aka haramta, ya lissafa da'awar karama ga wanda bai cancanta ba, ya kuma lissafa aiki da ilhami da kashafi da muryoyin da ake ji daga gaibu ba tare da an auna su da Littafi da Sunna da ƙa'idojin magabata ba.

Wannan babi shi kaɗai ya amsa wa ɓangarorin ajina biyu. Mai cewa marubucin Ihya ba zai ba da labarin buɗi ba, to ga Ihya ta hana musun karama. Mai cewa buɗi ya ɗauke wa ma'abocinsa bukatar kawo dalili, to ga wanda aka buɗa wa ɗin da kansa, shekara uku ko huɗu bayan buɗin, yana rubuta cewa kashafin da ba a auna ba haramun ne a yi aiki da shi. Matsayinsa shi ne na Imamus Shaɗibi a cikin al-I'itisam da al-Muwafaƙat, cewa mafarki da kashafi suna iya zama bushara ko gargaɗi, amma ba sa kafa hukunci, ba sa kuma rushe shi. Hatta Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya gani a halarar, an ruwaito cewa wani haske ya taɓa bayyana gare shi yana da'awar ya halatta masa haramun, sai ya gane Shaiɗan ne ya kore shi. Ibnu Taimiyya ya kawo wannan labari yana yabawa, Sha'arani ma ya kawo shi.

5.2 Niyya da abin duniya

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa a cikin Infaƙul Maisur, wanda ya kammala a 1812. Ya ce ya lura idan Shehu zai fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya a wani gefe na gida ya yi magana a hankali. Da ya tambaye shi, sai ya ce yana sabunta niyya ne, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi, yana kuma roƙon Ya fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. Bello ya ƙara da cewa yana fuskantar mutane da sakin fuska, yana haƙuri da masu katse shi da tambaya. Wannan ita ce muraƙaba idan ta zama maƙami. Mutumin da ya ce an kira shi shugaban waliyyai bai amince wa zuciyarsa ta fita gaban taro ba sai ya bincike ta, kowace rana.

Daga nan ne kuma za a fahimci tausayinsa ga gama-garin mutane. A zamaninsa akwai ɗaliban ilimin kalami da ke kafirta duk wanda bai iya kawo hujjojin tauhidi a tsarinsu ba. Shehu ya yi musu raddi a littattafai da dama, daga ciki akwai Hisnul Afham da Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, yana tabbatar da cewa hukuncin duniya a kan zahiri yake, zukata kuwa Allah ne Masaninsu. Da yana ɗaukar buɗin da aka yi masa a matsayin izinin leƙa zukata da yanke musu hukunci, da wannan ne wurin da zai yi amfani da shi.

5.3 Takobi da shekara goma

Baturen nan Mervyn Hiskett ya sa wa littafinsa na tarihin Shehu, wanda ya fito a 1973, sunan wannan takobi, abin da ke iya sa mai karatu ya ɗauka cewa wahayin zuci ne ya haifi jihadi. Gaskiya ne aukuwar 1794 ta yi tasiri. Abdullahi ya ruwaito cewa bayan 'yan shekaru, da Shehu ya ga jama'a ta yawaita, ya fara kwaɗaitar da su ga tanadin makami, ya kuma roƙi Allah a cikin ƙasidarsa ta Ƙadiriyya Ya nuna masa mulkin Musulunci a wannan ƙasa. Ba daidai ba ne a ɓoye wannan.

Sai dai tsakanin rataya takobin da zare shi akwai shekara goma cif. A cikinsu Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, ya hana rawani da lulluɓi, Shehu bai yi fito-na-fito ba. Yunfa ya hau a 1802, ya nemi halaka shi, bai yi ba. Sai da aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana aka kama su bayi, aka kuma nemi Shehu ya rabu da jama'arsa, sa'an nan ya yi hijira zuwa Gudu a watan Zulƙida 1218 H, daidai da Fabrairun 1804. Yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, rundunar Gobir ce ta taso musu.

Idan kuma aka buɗe littattafan da ya kafa wajibcin hijira da jihadi da su, wato Masa'il Muhimma na 1803 da Wasiƙatu Ahlis Sudan da Bayanu Wujubil Hijra na 1806, za a tarar hujjojinsa ayoyi ne da hadisai da ijma'i da naƙalin malaman Malikiyya irin su Magili. Abin da ya gani ya ƙarfafa zuciyarsa shi. Jinin mutane da dukiyarsu kuwa bai ɗora su a kan abin da shi kaɗai ya gani ba, sai a kan abin da kowane malami zai iya buɗe littafi ya duba, ya yarda ko ya yi jayayya.

6. 'Yandoto da Kano: hali ba ya bin tuta

A ƙasarmu aka gwada wannan ƙa'ida. 'Yandoto, wadda kufanta ke tsakanin Tsafe da Gusau, tsohuwar cibiyar ilimi ce a kudancin ƙasar Katsina ta da, kuma da yawa daga malamanta ba su yarda da jihadin ba, har magoya bayan Shehu irin su Malam Sambo ɗan Ashafa suka bar garin. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin. Bisa ruwayarsa, ya aika musu su fito da littattafansu a zauna a duba: in su ke da gaskiya jama'a za ta tuba ta bar abin da take kai, in kuwa jama'a ke da gaskiya su dawo gare ta. Suka ƙi, aka ci garin. Wajibi ne a tuna cewa ruwayar wanda ya yi rinjaye ce wannan. Duk da haka ta nuna abin da jama'a ke ɗauka hujja: Bello bai ce musu mahaifinsa ya ga Annabi don haka su bi ba, littafi ya kira su zuwa gare shi. Daga wannan tarwatsewa ne Malam Sambo ya kafa Gusau, shi ya sa sarautarta take Sarkin Katsinan Gusau, sarkin Tsafe kuma har yau 'Yandoto ake kiransa.

Amma tarihi bai ɓoye cewa halin shugaba ba ya sauka a zukatan duk waɗanda ke ƙarƙashin tutarsa. Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya zargi mayaƙan jama'a da wulaƙanta littattafai, Bello kuma a amsarsa ya ambaci yadda shi da kansa ya taɓa tsintar takardun da iska ke watsawa bayan an ci wani gari, ya ɗora laifin a kan wawayen cikin runduna. Mafi nauyi daga wannan shi ne abin da ya sami Shehu Abdullahi. A 1222 H / 1807 M ya bar runduna a hanyar Alƙalawa ya nufi gabas da niyyar Makka da Madina, saboda abin da ya gani na neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawaki, bayan mafi yawan abokansa na gari sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. Da ya isa Kano ya tarar da irin abin da ya guje wa. Mutanen Kano suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya koma.

Tafiyar Abdullahi da komawarsa sun maimaita darasin Gazali. Zuciyar da ta san kusanci takan so ta gudu da shi zuwa inda babu mai gurɓata mata, sai shari'a ta mayar da ita wurin da ake bukatarta. Wannan ba ya nufin kowa sai ya riƙe mulki. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu wanda ya shahara da walittaka, a Matuzgi ta ƙasar Mafara ya zauna yana karantarwa da rubutu, haka Muhammadu Sambo ɗan Shehu ya tsaya ga tarbiyyar muridai. Kowannensu yana da aikin da mutane suka amfana da shi.

7. Sifawa: abin da ya ƙi karɓa

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 babu wanda zai hana Shehu zama sarki irin sarakunan da ya tarar. Sai ya koma Sifawa, a 1812 ya raba tafiyar da ƙasa tsakanin Abdullahi a yamma da Bello a gabas, shi kuwa ya ci gaba da karantarwa da wallafa har ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a watan Afrilun 1817. Rubuce-rubucensa na wannan zango sun karkata ga abu biyu: sassauci a wuraren da malamai suka yi saɓani, kamar yadda yake a Najmul Ikhwan, da tsananin gargaɗi ga masu riƙe da iko, kamar waƙarsa da 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa aka san ta da Tabbat Haƙiƙa.

A wannan zango ne kuma jarrabawa mafi wuya ta zo. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne Mahadi, zamanin kuwa farkon ƙarni na 13 na hijira ne da ake ta jiran bayyanarsa. Wajen 1813 wani Ba'abzine mai suna Hamma ya yi da'awar Mahadiyya a Maganga ya sami mabiya. Shehu ya rubuta Tahzirul Ikhwan ya bayyana ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne, yana kafa hujja da siffofin da hadisai suka ambata na nasaba da wurin haihuwa, waɗanda ba su dace da shi ba. Yana da nasara a hannu, yana da labarin halara, yana da jama'ar da ke shirye ta gaskata. Abin da ya rage kawai ya yi shiru. Idan aka kwatanta da Muhammadu Ahmad na Sudan, wanda ya bayyana Mahadiyyarsa a 1881 yana dogara ga halarar da ya ce ya yi da Manzon Allah, har ya ɗauki musun da'awarsa kafirci, za a ga inda hanyoyin biyu suka rabu.

8. Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ɗanɗanar kusancin Allah ta bar wa Shehu abubuwa da ake iya lissafawa: tsananta wa kansa wajen niyya, kame hannu daga dukiya da sarauta, sauƙaƙa wa talaka da tsananta wa mai iko, haƙurin shekara goma kafin ɗaukar makami, da ƙin matsayin da nassi bai ba shi ba. Ya ba da labarin buɗinsa a ɗan littafi guda domin yabon ni'imar Allah, ya kuma rubuta littattafai masu yawa domin a auna shi da wasunsa da ma'auni ɗaya.

Ɗalibin da ke musun Wird don kare sunna yana bukatar ya karanta babin ƙarshe na Ihya, domin addinin da aka cire wa ihsani ya rasa ɗaya daga rukunansa uku da hadisin Jibrilu ya ambata. Ɗalibin da ke riƙe Wird don kare shehinsa shi ma babin nan yake bukata. A yau ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu tana cikin tsananin rashin tsaro, kuma mutanen da ke cikin tsoro su ne suka fi saurin miƙa wuya ga duk wanda ya zo musu da mafarki ko da'awar gani, wani lokaci har da ɗan abin da ya rage a hannunsu. Haƙƙin masu ilimi ne su koya musu tambayar da magabata suka bari: tun da ya ga abin da ya ce ya gani, yaya sallarsa take, yaya amanarsa, me ya karɓa daga hannun mutane, me ya mayar, kuma yana yarda a buɗe littafi a gabansa? Ita ce kuma tambayar da ya kamata kowannenmu ya yi wa kansa bayan Ramadan, da bayan Arafa, da bayan duk daren da ya ji zuciyarsa ta yi laushi.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Shehu Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da malaman 'Yandoto da sauran magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya azurta mu da istiƙama. Allah ne Mafi sani.